Ruwan da Yaya Ya Ƙi Sha

Yayana maginin rumbu ne. A ƙauyenmu da ke gefen kwalta tsakanin Tsarnawa da Malbaza, in ka ga rumbun laka mai ƙaton ciki, mai santsi kamar an lashe shi, ba sai ka tambaya ba, hannunsa ne. Shekara bakwai ya ba ni. Shi ya bar allo da wuri ya bi mahaifinmu aikin laka. Ni kuwa aka bar ni a karatu, na yi shekaru a Illela gaban wani malami, na dawo ina rubuta wa mutane wasiƙa da ajami, ina karantar da abin da ya sawwaƙa. Tun daga nan ya daina kirana da sunana, sai Malam, rabi girmamawa rabi tsokana.

Mutum ne mai tsantseni a kan tsarki. Yakan wuni cikin laka har wuya, amma da lokacin salla ya yi sai ya sauko, ya wanke jiki tas, ya sauya riga, sannan ya fuskanci gabas. Masu rumbu sukan yi ƙorafi cewa alwalarsa ta fi ta liman tsawo.

A ƙarshen shekarun tamanin ne ya faɗo, bayan an gama kaka. Yana saman wani rumbu yana gyara bakinsa, tsanin ya zame, ya sauko da baya a kan ɗaya daga cikin duwatsun da ake ɗora rumbu a kai. Aka cire ƙyauren wani gida aka shimfiɗe shi, aka ɗora a amalanken jaki zuwa bakin kwalta, daga nan mota ta kai shi babban asibiti. Wata uku ya yi a can. Likitoci suka ce lakar bayansa ta taɓu. Hannuwansa lafiya lau, hankalinsa daram, amma daga cibiya zuwa ƙasa ko ka soke shi da allura ba ya ji.

Da aka sallame shi, aka haɗa mu da babban ma'aikacin ƙaramin asibitin da ke kusa da mu, wanda muke kira majo, wani dattijo gajere mai furfura a gira. Shi ya zaunar da ni da matar yayana ya lissafa mana aikin da ke gabanmu. A riƙa juya shi kada gyambo ya kama shi. A riƙa lanƙwasa ƙafafun ana miƙewa a hankali. A kan lokaci a bubbuga mararsa da yatsu, a danna kaɗan, har mafitsara ta zubar da abin da ke ciki a kasko, don yanzu ba ta jin umarninsa. Ya sha ruwa da yawa. In ya yi ƙarfi kuma, a nemi dabarar tsayar da shi a kan ƙafafunsa, ko da ba ya jin su. Muka ce to. Na tsayarwar nan dai a zuciyata na ajiye shi gefe, don ban ga abin da tsayuwa za ta yi wa wanda ba zai taka ba.

Matar yayana mace ce mai ƙarfi da baki. Tun ranar da aka kawo ta gidanmu muke wasa da ita, kamar yadda aka saba tsakanin mace da ƙanin miji, kuma jinyar ba ta hana ta ba. In mun zo ɗaga shi sai ta ce, "Kama ta ƙahwa, Malam, nan ya hi sauƙi. Hannun da bai san komi ba sai alƙalami." Yaya kan yi murmushi. A watannin farko murmushin nan shi ne abin da muke nema.

Abin da bubbugar mara ba ta hana ba shi ne yoyo. Ko an zubar yanzu, bayan ɗan lokaci sai ka ga zanen ya jiƙe, shi bai ma sani ba sai ya kai hannu. Matarsa ta yayyaga tsofaffin zannuwa tana sauya masa, igiyar shanya ba ta taɓa zama babu kaya. Ba ya magana a kai. Mu ma ba ma yi.

Wata ranar hantsi muna ƙarƙashin rumfa, shi yana jingine da buhun ƙaiƙayi, ni ina feƙe alƙalami, sai ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Malam, in mutum ya yi alwala, ɗigon hitsari ya hita, ya alwalar take?"

Na ji daɗin tambayar. Ba kasafai yake tambayata hukunci ba. Ko kai ban ɗaga ba na ce, "Ta warware, Yaya. Sai ya wanke wurin, ya wanke tufan, ya sake wata."

"Ko ɗigo guda?"

"Ko kamar kan allura."

Ya ce, "To, madalla." Na ci gaba da feƙe alƙalamina. Na amsa masa kamar yadda nake amsa wa masu lafiya a ƙofar masallaci, kuma har na kwanta a ranar ban sake tuna zancen ba.

Shi kuwa ya ɗauki maganar ya yi mata lissafin magini. Tulun da ke yoyo, in babu ruwa ciki ba ya yoyo. Sai ya fara rage sha. Da farko ya bar furar hantsi, ya ce tana kumbura masa ciki. Sannan ya bar nono. Ya riƙa neman dambu da tuwo mai tauri, ya ɗan jiƙa maƙogwaro da kurɓi ɗaya ya ajiye moɗa. Yoyon kuwa ya ragu, har muka yi murna muna cewa sauƙi ne ya fara zuwa. Maƙwabta suka ce bawan Allah ya duƙufa da azumin nafila.

Bazara ta shigo, irin wadda ko jaki ba ya yarda ya bar inuwa. Matarsa ce ta tare ni a zaure wata rana, wannan karon babu wasa a fuskarta. Ta ce, "Malam, ruwan da ni ka aje mai da sahe, shi ni ka iskewa da marece. Ka dubi leɓɓanai. Ka dubi kaskon nan kuma, in kana iya dubawa."

Na duba. Abin da ke ciki kaɗan ne, ja kamar shayin da aka manta a kan wuta, ga wari mai hawa kai. Na yi masa magana, ya ce ba ya jin ƙishi. Ƙane ba ya tsare wansa da tambaya, sai na ƙyale shi.

Bayan kwana huɗu zazzaɓi ya kayar da shi. Da tsakar rana, ana neman inda za a sa kai don zafi, shi yana karkarwa yana cewa a lulluɓe shi. Muka ɗora shi a amalanke muka nufi wurin majo. Majo ya sa masa robar fitsari, ya tara abin da ya fito a kwalba, ya ɗaga ta ya duba a hasken taga. Akwai jini, akwai kuma wani abu fari-fari da ya kwanta a ƙasan kwalbar kamar yashi. Ya juyo ya dube mu ɗaya bayan ɗaya.

Ya ce, "Wa ke hana shi ruwa a gidan?"

Matar ta ce, "Tambaye shi, majo. Ga shi nan, bakinai lahiya lau."

Yaya ya juya fuska bango. Majo ya jawo kujera ya zauna kusa da kansa, ya sassauta murya. Maganar da ya yi a ranar ban manta ta ba, don da harshen aikin Yaya ya yi ta. Ya ce, "Magini, saurara. Ƙashi ɗan ƙwadago ne, in ba a ba shi kaya ba sai ya lalace. Ƙafafunka sun daina ɗaukarka, jiki ya ga ba a amfani da su, sai yana kwashe farar ƙasar da ke cikin ƙashin yana turo ta cikin fitsari. In akwai ruwa, ta wuce. In babu, ta kwanta a mafitsara, ta dunƙule, ta zama tsakuwa. Kai ka fi ni sanin abin da laka ke zama in ta rasa ruwa. A bayan tsakuwar nan ciwo ke ɓuya, daga nan ya hau ƙoda."

Sai ya waiwayo gare ni. "Malam, irin waɗannan ba ciwon bayan ke kashe su ba, ƙoda ce. Na ga da yawa. Kuma kada in ji an kira mai ɗori ya ja masa ƙafa wai a tayar da jijiya. Ƙashin nan ya fara zama kamar karan dawar bara, yana iya karyewa a hannunku shi bai ji ba. Abu biyu nake so, ruwa ya shiga, ƙafa ta ɗauki nauyi. Kun tsayar da shi ko sau ɗaya?"

Na ce ba mu yi ba. Ya girgiza kai.

Kwana tara muka yi ana masa allura da ƙarin ruwa. Zazzaɓin ya sauka, aka cire robar, muka koma gida. Ranar da muka koma, aka kawo masa moɗa, ya kurɓa sau ɗaya ya ajiye. Na roƙe shi, matarsa ta yi faɗa har ta yi kuka, ya ce mu ƙyale shi, shi ya san jikinsa. Na ga muna kan hanyar komawa inda muka fito, kuma majo ya riga ya gaya mana ba kullum ake dawowa daga can ba.

A nan dabara ta zo mini, kuma ba na alfahari da ita. Na san abu ɗaya da Yaya ba zai taɓa mayarwa ba, shi ne rubutun sha. Na kuma san ba zai rage ba, don rubutu ba abin zubarwa a ƙasa ba ne. A al'ada in an rubuta allo ana wanke shi da ɗan ruwan da bai wuce kurɓi uku ba. Ni kuwa na rubuta ayoyin neman waraka, na ɗauko ƙwaryar da ake dama fura, na wanke allon a ciki, na cika ta. Na kai masa na ce malamai sun ce a sha bayan kowace salla. Ya dubi ƙwaryar, ya dube ni, ya yi bisimilla ya shanye.

Kwana uku muna haka, sau biyar a wuni. Abin da ke kasko ya fara washewa. Matarsa ta gane tun ranar farko, in mun haɗu a tsakar gida sai ta ce ƙasa-ƙasa, "Ashe alƙalamin na da rana." Igiyar shanya kuma ta sake cika.

A rana ta huɗu bayan azahar na miƙa masa ƙwarya. Bai karɓa ba. Ya leƙa ciki ya daɗe, sannan ya ce, "Malam, tawada ta ƙare a garin ga?"

"Akwai ta, Yaya."

"To wanga rubutu naka, ko kihi anka saka ciki shina rayuwa. A madatsar ruwan Ƙwanni kaw wanke allon?"

Matarsa tana bakin murhu ta fashe da dariya, ni ma na so in yi, amma na ga shi ba ya yi. Ya ture ƙwaryar gefe a hankali don kada ta zube. Ya ce, "Jiya la'asar sau huɗu ina alwala. Ina kabbara in kai hannu in ji jiƙe, in sake. Har rana ta yi ja ban samu salla guda mai kyau ba. Ƙahwahu sun tahi, ban ce komi ba. Aiki ya tahi, ban ce komi ba. Sallar nan ita kaɗai tar rage mani, ita ma kana son ka karɓe da ƙwarya."

Na ce, "Wa ya ce sallarka ba ta yi ba?"

"Kai. Kai kac ce ko kamar kan allura."

Sai a lokacin rumfar da alƙalamin suka dawo mini. Na zauna a ƙasa. Wata uku mutumin nan yana kashe kansa da ƙishirwa a kan maganar da na yar ban ko ɗaga kai ba. Kuma abin da ya fi ba ni kunya, na san akwai wani babi a fiƙihu game da mai lalurar yoyo. Mun karanta shi a Illela. Na wuce shi da gudu a lokacin, don ina saurayi mai lafiya, ina ganin zancen tsofaffi ne.

Na gaya masa haka. Na ce hukuncin mai lafiya daban, na mai lalura daban, ni ne na yi kuskure. Ya saurare ni har na gama, ya ce, "Da ina da sauran ƙarhi ba haka kac ce ba. Yanzu ka ga zan mutu, ka sassabta. Hukunci ba laka ba ne, Malam, da za ka ƙara mai ruwa in ya yi tauri."

Ban yi masa musu ba. A matsayinsa ni ma da haka zan ce. Na tambaye shi, in maganar ta fito daga bakin malamina na Illela fa? Ya ce wannan dattijon ba ya sassauta wa kowa, ko ɗan cikinsa. Na ce to kafin in je in dawo ya yi mini alƙawarin shanye ƙwaryar nan kullum, ko don kada rubutun ya wulaƙanta. Ya ce ya yi, na kwana uku.

Ranar kasuwar Illela na bi motar 'yan kasuwa, a saman buhunan wake. Na iske malam a zaurensa, ya tsufa ƙwarai, idonsa ya yi rauni, sai da na yi magana ya gane ni. Bayan gaisuwa na karanta masa tambayar kamar yadda Yaya ya yi mini ita. Ya ce, "Wa ke tambaya?" Na faɗa. "Kullum abin ke zo mai, ko wata rana?" Na ce kullum. "Da saninai ko ba da saninai ba? Ya kai rabin wuni shina zuba?" Na ce ya fi rabi, kuma ba ya ko ji. "To kai mi kac ce mai?"

Na faɗa masa, kaina a ƙasa.

Ya daɗe yana jan carbi. Sannan ya ce, "Shekara nawa kay yi nan? Ni na koya maka ka amsa tambaya kahin ka dubi mai tambaya?" Bai ƙara a kan haka ba. Ya bayyana mini abin dalla-dalla kamar ina sabon ɗalibi. Sunan wannan lalura a fiƙihu salas, wato abin da ke fita da kansa ba da ikon mutum ba. In ya lazimci mutum rabin lokaci ko fiye, ba ya warware alwala. Abin da ya taɓa tufa ko jiki daga gare shi, tunda kullum ne, an yafe, sai dai ya wanke in ya yi yawa don tsabta. Ya yi alwalarsa, ya yi sallarsa, ko yana zuba kada ya yanke.

Na ɗauko takarda zan rubuta, sai na tuna Yaya ya san hannuna. Na gaya wa malam cewa in da rubutuna ne ba zai yarda ba. Dattijon ya yi 'yar dariya, ya ce, "Ya yi daidai." Ya sa aka kawo masa alƙalami da tawada, ya kusanto da takardar har tana taɓa hancinsa, ya rubuta da kansa da ajami, manyan baƙaƙe masu rawa, layi bakwai. A ƙarshe ya ƙara da cewa jiki amana ne, wanda ya hana shi ruwa har ya cutu zai amsa tambaya a kai, kuma yana gaishe da magini.

Na iso gida washegari kafin azahar. Yaya ya karɓi takardar da hannu biyu. Rabonsa da karatu ya fi shekara talatin, amma da na matso zan karanta masa sai ya ce in koma can. Ya ɗora yatsa a kan baƙin farko ya fara haɗawa, leɓɓansa na motsi. Matarsa ta bar daka ta zo ta tsaya a bakin rumfa da taɓarya a hannu. Ya kai layi na uku ya tsaya, ya koma baya, ya sake tsayawa a wuri ɗaya.

"Wagga kalma hwa? Ba Hausa ba ce."

"Salas. Sunan abin da ke damunka ke nan."

"Har suna gare shi?"

"Tun kafin a haifi kakan kakanmu malamai suka rubuta shi."

Ya sake kallon takardar. Ya ce, "Ashe ba a kaina anka hwara ba." Ya ci gaba da bin layukan har ƙarshe, ya kai wurin gaisuwar ya amsa ta a fili kamar malam na zaune a gabansa. Ya ninke takardar ya sa a ƙarƙashin matashi. Sannan ya ce wa matarsa ta kawo ruwa, na randa, ba na Malam ba.

Ba a rana ɗaya ya saba ba. Wani lokaci nakan ga ya kai moɗa baki ya yi jim kafin ya sha. Amma yana sha, ya koma wa fura da nono, muka ɗaure bubbugar mara da lokutan salla, kafin kowace alwala, da wasu lokuta a tsakani, don kada a manta. Saura magana ɗaya ta majo, tsayuwa.

Shi da kansa ya tayar da ita. Ya ce in ƙashi kaya yake so, a ba shi kaya. Yana kwance ya tsara abin, mu muna aikatawa. Aka kafa dirka biyu masu ƙarfi a ƙarƙashin rumfa, tazarar faɗin ƙugunsa, aka cika ramin da laka da tsakuwa. Aka gicciya itace ɗaya daidai gwiwa, aka naɗe shi da tsumma don kada ya ci fata, wani kuma daidai ƙirji inda zai ɗora hannu. Sau biyu yana sa mu tone mu sake, wai mun kafa kamar masu kafa turken akuya. Ya kuma ce a juya abin ya dubi gabas.

Da muka rasa abin da za mu ɗaure ƙugunsa da shi wanda ba zai yanke shi ba, matarsa ta shiga ɗaki ta fito da majanyin da ta goyi 'ya'yansu da shi. Ta ce, "Ya riƙe biyar, ba ya kasa na shida." Yaya ya ce a bakin mutane dai kada ta faɗi haka.

Majo ya zo a kan babur ɗinsa ranar da za mu fara, ya nuna mana yadda za mu ɗaga shi ba tare da mun murɗa ƙafa ba. Ranar farko ko minti biyu bai yi ba idonsa ya juya, gumi ya karyo masa, muka kwantar da shi da sauri. Majo ya ce haka ake farawa, jinin ne ya manta hanya, gobe a sake. Muka sake. Bayan kowace tsayuwa matarsa takan duba gwiwoyi da dugadugai ko fata ta yi ja, ta shafa ƙafafun ko akwai kumburi. Daga ɗan abin da bai kai a kira shi tsayuwa ba, ya kai yana tsayawa har a gama dama fura a sha. Maƙwabta masu wucewa sukan leƙo ta kan darni su ga kansa a sama, su yi turus, ya ce musu su shigo, ba aljani ba ne. Wata safiya wata 'yar tsakuwa kamar ƙwayar dawa ta fito a kasko. Muka kai wa majo a ƙunshe, ya ce gara waje da ciki, a ci gaba.

Da damina ta kusa, ranar wata Laraba, ya ce yau a tsaye zai yi la'asar. Ya sha moɗa biyu cikakku a gabana. Aka bubbuga mara, ya yi alwala, muka ɗaga shi muka ɗaure. Matarsa ta ajiye kasko da yashi a tsakanin ƙafafunsa ta koma ciki. Na shimfiɗa buzuna a gefensa na tayar da tawa, shi ya tayar da tasa, yana ruku'u da sujada da nunin kai.

A raka'a ta biyu na ji sautin ɗiga a kan yashi. Allah Ya yafe mini, hankalina ya bar sallata ya koma kansa. Na san shi ma ya ji, don karatunsa ya tsaya. Ina jin numfashinsa. Ina jiran ya yi sallama ya ce a kawo buta. Sai na ji ya ɗauko ayar daga inda ya tsaya, ya kai ta ƙarshe, ya yi kabbara ya sunkuyar da kai.

Ya cika huɗu ya sallame. Ya daɗe yana addu'a, hannuwansa a kan itacen ƙirji. Ni kuwa na tashi na fara kwance majanyin. Ya riƙe hannuna ya ce in bari tukuna, bai gaji ba. Sannan ya girgiza dirkar hagu da tafin hannu, ya ɓata fuska.

"Wagga ta hwara motsi. Gobe da sahe ku kwaɓa laka, kahin ruwa ya sauka. Kuma kai za ka kwaɓa, Malam, ina kallo."